Minti Ashirin da Biyar na Malama Aroita

Da zarar yara sun fita shan iska da ƙarfe goma, Aroita takan jawo ɗan benci zuwa gindin ginshiƙi, ta hau, ta ciro agogon ajin daga jikin ƙusa, ta murɗa shi baya da minti ashirin da biyar. Sai ta rataye shi, ta sauko, ta kakkaɓe hannu kamar wadda ta hau cire yanar gizo. Idan an tashi kowa ya watse, ta sake hawa ta gyara shi, don gobe da safe ya dace da rediyo.

Da minti biyar ta fara a farkon shekara. Ba ta san lokacin da biyar ta zama goma ba, goma kuma ta kai inda ta kai.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kama ta, wato Ruta, dattijuwar da ke share ajin tana kuma kankare wa yara kwakwa. Ruta ba ta kai ƙara ba, amma bakinta bai iya zama haka kawai ba.

"Malama, agogon nan naki ciwon ƙafa yake yi ne?" in ji ta, tana kankara ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da safe garau, da hantsi sai ɗingishi. Ko jirgin birnin Tarawa ya fi shi cika alkawari."

"Ki ji da kwakwarki, Nei Ruta," in ji Aroita, da laƙabin girmamawar da ake sa wa mata a nan.

"Ina ji da ita. Ni dai kifina ke jirana a gida, cikina kuma ba ya duba bango."

Aroita ta yi kamar ba ta ji ba. Idonta na waje, inda yara goma sha tara ke guje-guje tsakanin itatuwan kwakwa, amma ɗaya kawai take gani: 'yar siririyar nan mai giɓi, wadda ke gudu da gwiwar hannu a buɗe kamar za ta tashi sama. Marewe.

Marewe 'yarta ce. Kowa a ƙauyen ya sani. Ita ma yarinyar ta sani, yadda ta san sunan tsibirinsu Maiana: abu ne da aka gaya mata, ta riƙe, ta ci gaba da wasanta.

Aroita na da cikin wata bakwai Nei Tebora ta zo gidansu. Gwaggon mijinta Tioti ce, ita ta raine shi tun yana rarrafe, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zauna a tabarma, ta sha abin da aka kawo mata, ta yi hirar kifi da ta iska, sannan ta dubi cikin Aroita ta furta kalmar nan, bubuti, roƙon da ba a ce masa a'a. Ana yin sa a kan kwalekwale, ana yi a kan gatari ko buhun shinkafa. Ana yi a kan ɗa.

Tioti ya sunkuyar da kai. Aroita kuwa, da takardar shaidar koyarwarta sabuwa fil a akwati, ta ɗaga nata ta ce, "Ba a haife shi ba tukuna, Nei Tebora, har an raba?" Kafin ruwan teku ya janye maganar ta zaga ƙauye. Aka ce karatun Tarawa ya cire mata kunya. Mahaifinta ya yi mako guda bai taka zauren taron gari ba, don kada dattawa su dube shi. Abin da tsiwarta ta samo mata shi ne shekara biyu, domin ta ce sai ta yaye. Ta ja yayen har aka fara yi mata dariya. Ranar da dalili ya ƙare, ta shafa wa yarinyar man kwakwa, ta sa mata furanni a ka, ta saɓa ta da kanta har ƙofar Tebora a wancan ƙarshen ƙauyen, ta miƙa, ta juyo. Ba ta yi kuka a hanya ba. Mata suka ce zuciyarta dutse ce. Ta bar su a haka.

Daga nan sai zaman kiyaye iyaka. Ba ta zuwa gidan sai da dalili. Ba ta aika kifi ko gwaza, kada a ce tana nufin ba a ciyar da yarinya. In sun haɗu a coci, gaisuwa ce irin ta kowa. Tioti ya samu aikin jirgin ruwa ya tafi, wata goma sha ɗaya a teku, ɗaya a gida. An kira ta koyarwa a babbar makaranta a Tarawa ta ƙi, ta karɓi ajin ƙananan yara na ƙauye, rumfar ganye mai tsakuwa a ƙasa, aikin da ko wadda ba ta gama sakandare ba za a iya ba ta. Aka ce girman kan ne ya juye mata. Ita dai abu ɗaya ta hango: duk yaron ƙauyen nan da ya cika shekara huɗu, ta wannan rumfar zai bi. Ta yi shekara biyu tana share majinar 'ya'yan wasu, tana jira.

Da Marewe ta zo, abin da Aroita ta samu shi ne daga takwas zuwa sha biyu. A cikin awa huɗun nan take ganin tabon da ke gwiwar yarinyar, wanda ba ta san ranar da aka ji ciwonsa ba. A ciki take shaƙar man wani gida a gashinta, take jin ta ce "Kakata ta ce" sau goma kafin hantsi. Ba ta ɗaukarta, ba ta ɗora ta a cinya. In ma an duba, ita ta fi shan faɗa, don kada wani yaro ya kai gida cewa Malama na da 'yar lele. Yanzu ga shekara ta biyu ta zo ƙarshe. Saura mako uku a rufe, Marewe ta wuce firamare da ke can bayan gidan Tebora, kuma daga nan babu wata rumfar da za ta sake haɗa su.

Wannan zangon na koyon agogo ne, kuma Aroita ba ta koyar da shi da wasa, ko da yake a ƙauyen babu mai neman ƙarfe nawa. Masunta ruwa suke dubawa, mata inuwa, mai buga ƙararrawar coci kuma sai sanda ya tuna. Iyaye har tsokanarta suke, wai ko yaran jirgin sama za su tuƙa. Takan ce, "Ko shi ne, me ya hana?"

Ta yanka wa kowane yaro agogon kwali, da tsinken ganyen kwakwa guda biyu, Dogo da Gajere. Wata rana kuma ta fitar da su bakin ruwa ta zana babban da'ira a yashi, yara goma sha biyu su tsaya a matsayin lambobi, biyu su kwanta a tsakiya.

"Kautu, kai ne Gajere. Ka nuna mana ƙarfe uku."

"Malama, ni na fi Tiita tsawo, ni ne Dogo!"

"Kanka ne ya fi nata girma," in ji wata daga wajen lamba tara. Aji ya fashe da dariya, ƙarfe bakwai ya faɗi a yashi, ƙarfe biyu ya tafi bin ƙaguwa.

Marewe ba ta dariya in ana agogo. Takan ciji leɓe ta ƙura ido, ita ce kuma ta fara gane cewa Gajere ne mai faɗin awa duk da ƙanƙantarsa. In ta kuskure, Aroita takan durƙusa a bayanta, ta ɗora hannu a kan nata, su juya tsinken tare. Nan ne kaɗai take taɓa ta ba tare da ta duba ko wani na kallo ba. Abin da duk ajin ya haddace kuwa shi ne na tashi: in Dogo ya hau bayan Gajere a can sama, su biyu sun zama ɗaya, sha biyu ta yi, a tafi gida.

Ranar Litinin Marewe ta shigo tana tafiya a hankali, hannun hagu a miƙe kamar an ɗora mata ƙwai. Agogon hannu ne na maza, baƙi, mai tsinke, an ɗaure mata shi a damtse saboda ya fi ƙarfin tsintsiyar hannunta.

"Tioti ne ya aiko mini daga jirgi," ta ce wa yaran da suka yanyame ta. Da sunansa take kiransa, kamar kowa. "Kakata ta kai wa maƙwabcinmu ya daidaita shi da rediyo. Kada ku taɓa, kallo kawai."

Aroita ta san da saƙon, domin ta hannun ɗan'uwan Tebora ya bi, ba ta nata ba. Ta duba agogon, ta duba na bango.

"Ƙarfe nawa naki ya ce?"

"Takwas."

"Na bango fa?"

"Takwas!"

"Kun gani? Agogo biyu in suna da lafiya bakinsu ɗaya."

Da goma ta yi yara suka fita, Aroita ta tsaya a gindin ginshiƙi hannunta a kan benci. Ruta ta dakata da kankara.

"Yau ma? Kin manta akwai ɗan sanda a aji?"

"Cikar awa da rabinta kawai ta iya karantawa. Ba ta san minti ba."

"To. Ke ce mai takarda."

Aroita ta san ya kamata ta haƙura yau. Amma ta duba waje ta ga yarinyar tana nuna wa wata akuya agogonta, ta tuna kwana goma sha biyar ne suka rage, ta hau bencin.

Bayan shan iska aka yi waƙa, aka yi ƙirga da ƙananan katantanwa. Aroita na cikin ba su labarin kunkurun teku sai ta ga Marewe ta miƙe, ta naɗe 'yar tabarmarta, ta rataya jaka.

"Ina zuwa, Marewe?"

"Gida, Malama. Dogo ya hau bayan Gajere."

Kawuna goma sha takwas suka juya bango. Dogo na can ƙasa wajen bakwai, bai ko kama hanyar hawa ba.

"Ƙarya ne!" in ji Kautu. "Dubi, ko kusa bai yi ba."

"Nawa ya hau. Ga shi."

"Naki na jirgi ne, lokacin Turawa yake yi."

"Amai yake yi, teku ta juya masa ciki!" in ji Tiita.

"Yunwa take ji, shi ya sa ta tura shi da yatsa!"

Dariya ta cika rumfar. Marewe ta dubi damtsenta, ta dubi bango, ta sake duban damtsenta. Amma ba ta zauna ba. Ta ɗaga haɓa, ta ce da ƙarfi, "Da safe bakinsu ɗaya. Malama ce ta faɗa." Sannan ta juyo ta zuba wa Aroita ido, tana jiran hukunci.

Magana ɗaya ta isa. Ta ce ƙananan agogo sukan yi gaggawa, ko ta ce zafin jiki ne ya sa shi gudu. Yarinyar za ta yarda, domin Malama ba ta kuskure. Za ta zauna, ta cusa agogon a jaka, gobe ba za ta zo da shi ba, kuma minti ashirin da biyar ɗin nan za su ci gaba da zama na Aroita har ranar rufewa. Abin da za a biya kaɗan ne: yarinya 'yar shekara biyar ta koma gida tana ganin idonta ne bai iya gani ba.

Aroita ta dubi haɓar nan da aka ɗaga. Ta san inda aka gado ta.

"Kawo in gani," ta ce.

Ta durƙusa, ta riƙe damtsen da hannu biyu, ta daɗe tana kallon agogon fiye da yadda karanta shi ke buƙata. Fatar yarinyar da ɗumi, jijiya na bugawa a ƙarƙashin babban yatsanta. Sannan ta saki, ta miƙe, ta jawo benci a gaban kowa.

"Marewe ce da gaskiya. Na bango ne ya yi ƙarya."

"Agogo yana ƙarya, Malama?" in ji Kautu.

"Shi kaɗai ba ya yi. Sai in an sa shi."

"Wa ya sa shi?"

Ruta ta yi tari a bayan aji. Aroita na tsaye a kan benci, agogon a ƙirjinta.

"Ni ce. Na mayar da shi baya da kuna waje."

"Don me?"

"Don ba na so ku tafi."

Yaran suka dubi juna. Tiita ta ce, "Ai gobe ma za mu zo," yadda ake lallashin ƙaramin yaro, wasu suka yi dariya. Aroita ta juya agogon ya fuskance su, ta sa yatsa a bayansa.

"Ku ƙirga masa. Daga bakwai."

Suka ɗauka baki ɗaya, takwas, tara, goma, Dogo na hawa, sha ɗaya, har ya kwanta a bayan Gajere. Ihu ya tashi. Kafin ta sauko daga bencin rabin ajin ya kai hanya.

Nei Tebora na zaune inda take zama kullum, a kan kututturen kwakwa a bakin hanya, da lemarta a rufe a cinya. Marewe ta isa gare ta a guje.

"Kaka! Na kama agogon makaranta yana ƙarya! Malama ta ce ni ce da gaskiya!"

"Iye? Ke kaɗai?" Tsohuwar ta gyara mata jaka. "Je ki tsinko mini furen can, in sa a kunne."

Da yarinyar ta yi nisa, Tebora ta ɗago ta dubi Aroita, wadda ta biyo baya ta tsaya a rana.

"Yau an tashi da wuri."

"An tashi a kan lokaci, Nei Tebora."

"Na sani. Inuwata takan shige ƙarƙashina in zauna, in yi ta zama har ta leƙo ta ɗaya gefen. Tun watan Maris."

Kunya ta kama Aroita har wuya, amma ba ta sunkuya ba. "Ba ki ce komai ba."

"In ce me? In je zauren gari in ce matar ɗana na satar rana?" Ta murza gwiwarta. "Zaman bai kashe ni ba."

Aroita ta matso kusa. Abin da za ta faɗa bai kamata ya fito daga bakinta ba, ta kuma san haka, ta faɗa. "Saura mako uku. Ki bari in riƙa rako ta gida. Ke ma kin huta da tafiyar."

"A'a."

Babu zafi a muryar, babu kuma wurin ciniki.

"Shekara arba'in ina zaune a ƙofar gida ina kallon mata suna wucewa ɗaukar 'ya'yansu. Tioti ma da na raina, uwarsa ce ta zo ta kai shi makaranta ranar farko. Wannan tafiyar tawa ce, Aroita. Da gwiwar da babu gwiwar." Ta dogara da lema ta miƙe. "Kin koya mata da kyau. Jiya har tuwon gwaza sai da ta sa masa lokaci."

Aroita ta juya ta dubi inda Marewe ke tsinkar fure.

Marewe ta dawo da fure ja, ta miƙa wa tsohuwar, ta kama hannunta. Har sun juya sai ta tuna wani abu, ta saki hannun, ta dawo ta tsaya a gaban Aroita, kusa sosai, har sai da ta ɗaga kai.

"Malama, gobe in ya sake yin ƙarya in gaya miki?"

"Ba zai sake ba."

"To, zan dai riƙa dubawa."

"Ki riƙa dubawa. Ko ni ce na ce miki wani abu, ki duba da idonki."

Yarinyar ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba babban aiki, ta ruga ta cim ma kakarta.

Hanyar ƙauyen ɗaya ce, fara, miƙaƙƙiya, ruwa na ƙyalli ta dama da hagu. Aroita ta tsaya a tsakiyarta ba lema, tana kallon tsohuwa mai ɗingishi da yarinya mai tsalle suna ƙanƙancewa. Ruta ta fito da kwandonta ta wuce ta gefenta. Aroita ba ta motsa ba sai da suka kai kwanar coci. Marewe ba ta waiwayo ba, agogonta take dubawa.